Kwalba ta Goma Sha Huɗu

Litinin, 1:20 na rana

Sun ba mu sati uku. Farfesa ne ya shigo da takardar, ya ajiye ta kusa da injin tartsatsi, ya ce in karanta da ƙarfi kowa ya ji, sai ka ce akwai wani kowa bayan ni da Dakta-gobe. Baƙon da aka gayyato daga wata jami'a ya duba kundin digirinta ya ce sakamakon kwalba ta goma sha huɗu ba zai yiwu ba. Wai azurfa da jan ƙarfe ba sa ba da irin layin da ta nuna a na'urar auna haske. Bai rubuta cewa ƙage ta yi ba, amma ya kewaya maganar sau uku. Kwamiti zai zauna nan da sati uku. In ba a sake yin irin kwalbar a gabansu ba za a kore ta, kuma da wannan tabon babu makarantar da za ta ƙara buɗe mata ƙofa.

Shekara shida tana kan digirin nan. Ni na laƙaba mata Dakta-gobe tun farkon zuwanta, don duk wanda ya tambaye ta yaushe za ta gama sai ta ce gobe-goben nan. Yau bakina ya ƙi kiran sunan.

Ta ce, "Anti, ai ke kika kunna injin ranar. Za mu sake yi, ko?"

Na ce, "Me zai hana?"

Shekarata goma sha tara ina kula da ɗakin gwajin nan, ban taɓa jin muryata ta fito siririya haka ba.

Litinin, 6:10 na yamma

Inna ta tambayi munduwarta. Na ce maƙerin bai gama ba.

Talata, 8:15 na safe

Bari in rubuta aikin yadda yake, ko hankalina zai zauna wuri ɗaya.

Sanda biyu ne, ɗaya azurfa ɗaya jan ƙarfe, kowace tsawon yatsa. A ɗaure su baki da baki a cikin kofin gilashi mai tataccen ruwa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin farce ba. A saki wuta. Tartsatsi ya riƙa tsalle, tas-tas-tas, yana gutsurar ƙarfen yana mai da shi tururi, ruwan sanyi kuma ya cafke tururin ya daskarar da shi ƙwayoyi ƙanana, waɗanda ko dubu ka jera ba su kai kaurin gashi ɗaya ba. Ido ba ya ganinsu, sai dai launin ruwan ya canja. Abin da ake nema shi ne kowace ƙwaya ta fito gauraye, ƙarfe biyu a jiki ɗaya, don a sa a matatar ruwan sha ta kashe ƙwayoyin cuta.

Kwalba goma sha uku na farko duk ruwan ƙasa-ƙasa suka fito, bayan kwana uku su yi baƙi su kwanta a gindi. Ta sha huɗu kuwa ta fito ja-ja garau, kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Wata huɗu ba ta kwanta ba, kuma duk cutar da aka ɗiga mata sai ta mutu. A gwaje-gwaje ta ƙare har ɗigon ƙarshe. Na'urar da ke faɗin ƙarafan da ke cikin abu kuwa tun bara ta lalace, don haka ba wanda ya leƙa cikinta.

Yau za mu yi ta sha biyar.

Talata, 4:30 na yamma

Ruwan ƙasa.

Alhamis, 12:50 na rana

Sha shida, sha bakwai. Na rage tazara, na ƙara tazara. Na sa ƙanƙara kewaye da kofin. Dakta-gobe ta kawo tsohon littafin aiki ta buɗe shafin ranar, tana bin rubutuna da yatsa: ƙarfin wuta kaza, minti ashirin, sandar jan ƙarfe, sandar azurfa tsantsa. Sau biyu ta karanta "tsantsa". Na tashi na ce zan wanke kofuna, alhali yanzu na gama wanke su.

Farfesa ya leƙo ya ce mata, "Kwantar da hankalinki. Hannun Malama ba ya ƙarya. In littafin ya ce haka aka yi, haka aka yi." Ya daɗe yana yi mini wannan kirarin a gaban baƙi, ni kuma ina jin daɗi. Yau ji na yi kamar ya watsa mini ruwan zafi.

Ranar da aka yi sha huɗu, mai sito da ke ba mu sanduna yana hutu. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Juma'a, 7:00 na safe

Azurfa ai azurfa ce. Ba daga nan ba ne. Ƙila ruwan ne.

Asabar, 10:40 na safe

Ina yanke wa Inna farce, ta miƙo hannun hagu, na ga inda munduwar take zama. Shekara hamsin tana wurin, fatar ta yi haske zagaye. Idanunta sun yi rauni, amma yatsunta ba su manta ba, duk bayan ɗan lokaci sai su je su shafa wurin.

"Wannan maƙeri naki haƙo azurfar yake yi daga ƙasa? Ɗan tsagewa fa ta yi, ba mutuwa ba."

"Aiki ya yi masa yawa, Inna."

"Wata biyar? To Allah ya sa ba aurar da ita ya yi ba."

Na yi dariya, har na kusa yanke mata tsoka. Munduwar tana cikin jakata, a naɗe a hankici, taku uku daga inda take zaune.

Litinin, 3:05 na rana

Sha takwas, sha tara. Na canja ruwa. Na wanke komai da asid. Sha biyar ta riga ta yi baƙi ta kwanta.

Dakta-gobe ta daina cin abincin rana. Tana zama ta ƙura wa tartsatsin ido ba gilashin kariya, sai na daka mata tsawa. Tsawa dai ban rasa ta ba.

Talata, 11:30 na safe

Ana wata ga wata. Mai gyaran famfo ya kwance bututun kwamin wanke-wanke don ya toshe. Bayan ya tafi mai sito ya kira ni ƙofar sitonsa. Mutum ne mai barkwanci, kullum yana ce mini sarauniyar walƙiya. Yau bai ce ba. Ya buɗe tafin hannunsa: sandar azurfa, ta yi baƙi da datti, lambarta a jiki. Bakinta sumul, tartsatsi bai taɓa lasarta ba.

Ya ce, "Malama, wannan ce na ba ki kafin in tafi hutu. Littafinki ya ce ita aka ƙona a sha huɗu."



Ya damƙa mini ita ya rufe yatsuna a kai. "Ni dai ban ga komai ba. Amma yarinyar nan tana ramewa."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk wanda ya yi tari a baranda yau sai gabana ya faɗi.

Talata, 5:45 na yamma

To bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki.

Ranar ina goge bakin sandar da magagari a kan kwamin. A kan kwamin! Ni da na sha korar ɗalibai daga ɗakin nan saboda wannan. Ta suɓuce ta faɗa rami. Ita kaɗai ce a waje, sito a kulle, Dakta-gobe kuwa wata biyu tana jiran layi a ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta, kuma ranar ce ranarta, da ƙarfe biyu na rana. Da na buɗe baki na ce na yar da sanda, da an ɗaga aikin, da an yi mini dariyar sati ɗaya, shi ke nan. Dariyar ce ban iya ɗauka ba.

Munduwar Inna tana jakata, da niyyar in biya wurin maƙeri in an tashi. Na sa zarto na yanke tsawon yatsa daga wajen tsagewar, na miƙar, na goge. Da aka ɗaure a injin ba mai bambanta ta. Na rubuta azurfa tsantsa. Da yamma na kwance guntun na mayar jaka. Na ce maƙeri zai liƙe, ba wanda ya yi asara. Da na ga launin da ya fito sai ƙafata ta kasa zuwa wurin maƙerin, ban kuma tambayi kaina dalili ba.

Amma azurfa ai azurfa ce.

Laraba, 6:30 na yamma

Da wayo na tambayi Inna, muna zaune a tsakar gida, wai a ina aka sayi munduwar.

"Saya? Wa ya ce miki saye aka yi? Babanki ne ya kai azurfarsa aka ƙera. Lokacin ina da 'yan kunne na zinariya, ɗaya ya faɗa rijiya, na yi kwana biyu ina kuka. Sai ya ce kawo ɗayan, tunda ba a sa ɗan kunne ɗaya. Ya sa maƙerin ya narka shi a ciki. Ya ce yanzu sai ki yar da hannun in gani." Ta yi dariya har da tari. "Shi ya sa ba ta dusashewa irin na mutane. Ke ba ki taɓa lura ba?"

Zinariya. Shekara sha tara ina wannan aikin, na san abin da zinariya ke yi wa launin ruwa, na san ba ta tsatsa, na san inda take tura layin nan da Baƙon ya ce ba zai yiwu ba. Gaskiyarsa ne. Da azurfa da jan ƙarfe kaɗai ba zai yiwu ba.

Na ce zan duba tukunya. Na tsaya a kicin ina kallon bango.

Juma'a, 1:40 na rana

Kowa ya fita. Na kulle ƙofa, na ciro guntun daga hankici, na ɗaure, na saki wuta. Minti bakwai ruwan ya fara ja. Minti ashirin, ga shayi garau. Na ɗaga kofin a taga. Kyakkyawa ce, wallahi. Ban taɓa yin abin da ya kai ta kyau ba.

Na ji takun Dakta-gobe a matakala. Na tuttular a kwamin, na sake famfo a kai.

Ta shigo ta ce, "Anti, ƙamshin tartsatsi nake ji. Kin gwada wani abu?"

Na ce injin nake dubawa.

Allah ya gani, na tsani kaina yau.

Lahadi, 9:00 na safe

Ga hanya mai sauƙi. Ranar kwamiti Baƙon zai zo da sanduna a rufe cikin leda. Amma wa zai ɗaure su a injin? Ni. Bayana zai kare su na daƙiƙa biyar. Guntun ya shiga, tasu ta shiga aljihu. Shayi ya fito, a tafa, yarinya ta zama dakta, ni in ci gaba da zama mai hannun da ba ya ƙarya.

Na gwada a kicin da cokula biyu. Daƙiƙa huɗu.

Litinin, 2:15 na rana

Ashirin da uku. Ruwan ƙasa.

Saura sati ɗaya.

Talata, 10:20 na safe

Wayarta ta yi ƙara tana auna ruwa, ta sa a lasifika don hannunta da safar roba. Mahaifinta ne. "Dakta, ya aiki?" Shi tuni ya cire goben. Ta ce lafiya lau, Baba. Ya ce ya sa an ɗinka masa sabuwar riga ta ranar yaye su, kada ta bari a canja rana.

Da ya kashe ta cire safar ta zauna a ƙasa, a ƙasan siminti, ita da ko jakarta ba ta yarda ta ajiye a nan.

Ta ce, "Anti, ko dai ni ce? Na fara tunanin ko na haɗa kwalabe, ko na karanta na'urar ba daidai ba. Jiya na zauna ina tambayar kaina ko na taɓa ganin launin nan da idona. Ke kin gani, ko? Ja ne?"

"Ja ne."

"To alhamdu lillahi. Ke kaɗai ce shaidata."

Ta kama hannuna ta riƙe. Wannan hannun.

Laraba, 7:30 na safe

In na yi musanyar, za ta fita da kundin da ke cewa azurfa da jan ƙarfe. Wani a wani wuri zai gwada ya ga ruwan ƙasa. Sai a sake kiranta, shekara biyu ko biyar nan gaba, lokacin tana da ɗalibanta, ni kuma ba na kusa da injin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ita zan tura ciki, ba ni ba.

In ban yi ba, aikina na shekara sha tara ya tafi.

Laraba, 4:00 na yamma

Shekara sha tara.

Juma'a, 5:20 na yamma

Inna ba ta tambayi munduwa ba yau. Jiya ma haka. Wannan ya fi tambayar ciwo.

Asabar, 11:00 na safe

Na durƙusa gabanta na kwance hankicin na sa mata a cinya. Ta lalubo, ta bi da yatsa har inda zarto ya ci, ta ɗauki guntun ta shafa bakinsa da tartsatsi ya ƙwaƙule. Na faɗa mata komai, da kwamin, da littafin, da yarinyar. Ban yi kuka ba sai da na zo kan rigar mahaifinta.

Ta mayar da guntun kan hankicin.

"Kin zaci ban sani ba? Duk sanda kika ajiye jakar nan ina jin ƙararta. Shekara hamsin ina jin muryar abin nan, sai a jakarki zan ɓace ta? Jira nake ki gaji."

"Inna, ki yafe mini."

"Tawa mai sauƙi ce, ni na haife ki. 'Yar mutane fa? Sati nawa kina kallonta?"

"Uku."

"Kai! Ban haifi wannan ba." Ta naɗe hankicin da kanta, ta ɗaure bakinsa tam, ta miƙo. "Ki kai musu duka. In yankawa za su yi su yanka. Kuma ki faɗa da bakinki kafin a tambaye ki."

Litinin, 7:10 na safe

Na goge farar rigar aiki. Na bar aljihunta ba komai.

Litinin, 3:50 na rana

Mutum biyar a kan kujeru, Baƙon a tsakiya da ledarsa. Ɗan tsamurmurin dattijo ne, ba dodon da na zana a raina ba. Ya miƙo mini sandunan. Ban karɓa ba. Na ajiye hankicin a kan benci, na ajiye sandar da aka ciro daga bututu kusa da shi, na buɗe littafin aiki a shafin ranar. Na ce layin nan na huɗu ƙarya ne, kuma ni na rubuta shi.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina magana ba. Farfesa ya cire tabarau ya mayar, ya sake cirewa. Baƙon ya juya guntun a hannunsa ya ce, "Ɗaura mu gani." Da kansa ya tsaya a kafaɗata. Minti bakwai ruwan ya fara ja. Ba wanda ya tafa. Ya ce a sake, aka sake. Ya ce a sa nasa sandunan, ruwan ƙasa ya fito. Sai ya juya wurin Dakta-gobe ya ce, "'Yata, abin da kika auna gaskiya ne. Sunan abin ne ba daidai ba."

Za a aika munduwar inda na'urarsu ke aiki a auna abin da ke ciki, sauran a yanka sanduna. Za ta sake gwaje-gwajen, ta sake rubuta babi uku. Shekara ɗaya, in ji su. Ba kora.

Ni kuma an ce in miƙa makullai ga mai sito, in jira takarda.

Ta same ni a matakala. Na zaci za ta yi ihu, da ma ta yi.

Ta ce, "Ranar da na zauna a ƙasa ina tambayarki ko na haukace, yana cikin jakarki?"

Na ce, "Yana ciki."

Ta gyaɗa kai ta wuce. Ba ta ce Anti ba.

Laraba, 9:30 na safe

Takarda ta zo. Dakatarwa, har sai an gama bincike. Na tashi ƙarfe shida na yi shirin fita kafin in tuna.

Juma'a, 4:45 na yamma

Mai sito ya zo gida. Ya ƙi shigowa, ya miƙo mini 'yar kwalba mai duhun gilashi irin wadda haske ba ya ratsawa, an rubuta 24 a jiki, wato wadda aka yi a gaban kwamiti. Rubutun Dakta-gobe ne, na san yadda take karya wuyan biyu.

Ya ce, "Ta ce a kai wa tsohuwa. Ta ce in gaya miki ba ke ta aiko wa ba."

Na kai wa Inna. Na tsiyaya kaɗan a ƙaramin kofi na ɗaga mata a bakin ƙofa, ta ce tana ganin ja-ja. Na yi mata bayani yadda nake yi wa 'yan shekarar farko, na ce abin da ke ciki na munduwarta bai fi ƙwayar yashi ba, ya farfashe ya bazu a ruwan.

Ta ce, "To wanne ne azurfar babanki, wanne ne ɗan kunnena?"

Na ce, "Ba a raba su, Inna. Kowace ƙwaya da shi da ke a ciki. Abin da muka yi shekara shida muna nema ke nan."

Ta ce, "Shekara shida? Da kun tambaye ni."

Ta sa na mayar da ruwan cikin kwalbar, ta toshe da kanta, ta tambaya ko rana na ɓata shi. Na ce tana ɓatawa. Ta tura ta ƙarƙashin matashinta. Tun ɗazu nake kallonta daga nan, yatsunta ba su koma wuyan hannun ba.